Sai mai PS5 ne ɗan gem na gaske?

Wani matashi daga Ƙauran Namoda ya turo mini tambaya. Ya ce shekara uku ke nan yana buga wasan harbi na Free Fire da wasan ƙwallo na Dream League a wayarsa, sai ɗan kawunsa da ke karatu a Abuja ya zo hutu ya ce masa shi ba ɗan gem ba ne, latse-latsen waya kawai yake yi, wai ɗan gem na gaske sai mai PS5, wato na'urar gem ta PlayStation 5, ko babbar kwamfuta. Maganar ta tsaya masa a rai. Yana so ya san abin da ke sa a kira mutum ɗan gem na gaske, kuma ko shi yana ciki.

Ƙanena, maganar ɗan kawunka ba ta da tushe, kuma zan gaya maka dalili. Amma waya ma ba ta isa ta ba ka wannan suna ba, kamar yadda PS5 ba ta isa ta ba shi ba. Akwai abin da ake dubawa, kuma na daɗe ina dubansa. Tun 2006 nake riƙe da shagon gem a nan Gusau. Na fara da PS2 guda biyu, da talabijin irin ta da mai ƙatuwar ƙeya, da benci biyu, da ƙaramin janareta. Yaran da suka fara riƙe fad, abin nan mai madannai da ake sarrafa wasa da shi, a hannuna yau wasunsu magidanta ne, har suna kawo nasu 'ya'yan. Ina shirya gasa lokacin hutun makaranta da bayan Sallah, ni ne alƙali, ni ne mai raba faɗa. Abin da zan faɗa maka daga wannan bencin na samo shi.

Mu fara da kuɗi, don a nan maganar ɗan kawunka ta fi yi mini ciwo. PS5 ta fito a Nuwamba 2020 a kan dala 499. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne. Ka juya dalar zuwa naira, za ka ga kusan albashin wata 10 ne na ƙaramin ma'aikaci, in bai ci ba bai sha ba. Ba a yi maganar talabijin ba, ba a yi ta fad na biyu ba, ba a yi ta sayen wasan kansa ba, balle wuta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kunna janareta don yaro ya buga ƙwallo ya zama abin da sai gidan da Allah ya hore wa. To in aka ce sai mai wannan na'ura ne ɗan gem, aljihun mahaifinsa aka auna. Yawancin gwanayen da suka ci gasa a shagona ko fad ba su mallaka ba. Akwai mai gyaran babur a cikinsu, akwai mai tallan rake, akwai wanda sai ya yi dako a kasuwa ya samo kuɗin wasa biyu. Na kuma ga yaran da ke da na'ura a ɗakinsu, su kaɗai, sun zo shago an yi musu ci biyar kafin a tafi hutun rabin lokaci, saboda a gida da kwamfuta suka saba karawa, ita kuwa ba ta yaudara irin ta mutum.

Wannan rainin kuma ba yau ya fara ba. A zamanin PS2 'yan Winning Eleven da PES ne sarakuna a shago, suna cewa FIFA wasan yara ce, ƙwallo na manne wa ɗan wasa a ƙafa. Har a madanni an rabu: a PES da bokis ake buga shot, a FIFA kuma da O, sai ka ga an yi minti biyar ana gardamar saiti kafin a take leda. Da zamani ya juya, 'yan FIFA suka hau sama suka fara raina 'yan PES. Yanzu sunayen ma sun tafi, PES ta koma eFootball a 2021, FIFA ta koma EA Sports FC a 2023, amma gardamar tana nan. 'Yan Mortal Kombat kuwa dukansu suka raina, suna cewa mai ƙwallo da sa'a yake ci. Kowane rukuni yana neman wanda zai tsaya a kansa ya ƙara tsawo, yau abin ya faɗo kan masu waya.

Duniyar gem kanta ta wuce wannan gardama. Kusan rabin kuɗin da sana'ar ke samu a duniya daga wasannin waya yake fitowa. Free Fire ɗin da kake bugawa, da aka yi gasarta ta duniya a Singafo a 2021, mutum sama da miliyan 5 ne suka kalli wasan ƙarshe a lokaci guda, kuma dala miliyan 2 aka raba. A wasannin nahiyar Asiya da aka yi a birnin Hangzhou na ƙasar Sin a 2023, an rataya wa 'yan PUBG Mobile lambar zinare, a taro ɗaya da masu gudu da masu ninƙaya. Babbar gasar gem da aka yi a Riyad a 2024, mai kyautar sama da dala miliyan 60, akwai Free Fire a ciki, akwai PUBG Mobile. Waɗannan wasannin biyu da waya aka buga su.

Yanzu ga abin da ni nake dubawa. In sabon yaro ya zo shago, cin da ya yi ba ya gaya mini komai, don kowa na iya ci ranar sa'arsa. Fuskarsa nake kallo bayan an doke shi. A shago al'adarmu wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa fad ya tashi. Wani in ya tashi sai ya ce fad ɗin ne ya lalace, ko ƙungiyar da ya ɗauka ce ba ta da gudu, ya fita yana ƙunƙuni. Wani kuma sai ya koma bayan wanda ya doke shi ya tsaya, idonsa a kan yatsun mutumin. Yana so ya ga me aka danna, a wane lokaci. In layi ya zagayo kansa, sai ka ga ya toshe ƙofar da aka shigo masa ɗazu. Ko an sake cinsa, ta wata hanya aka ci shi. Wannan na biyun shi nake kira ɗan gem, ko ranar ya fara riƙe fad.

Dalili shi ne kowane wasa yana da ciki da waje. Wajensa shi ne hotuna da ƙara da rigunan 'yan wasa. Cikinsa kuwa dokokin da ke tafiyar da shi ne, waɗanda ba a rubuta maka a allo, sai ka sha kaye ka gano su. Ɗauki ƙwallo. Ɗan koyo yatsansa ba ya sauka daga madannin gudu, tun daga busa har ƙarshe, shi ya sa ƙwallo ke yi masa nisa da ƙafa a karɓe, kuma kafin minti 70 'yan wasansa sun gaji. In zai tare, da ɗan baya yake rugawa kan mai ƙwallo, ya bar rami a bayansa, a zura ƙwallo ta nan. Gwani yakan ja ɗan tsakiya ya dawo ya tare hanya, ya bar 'yan bayansa a jere. Rabin kallonsa yana kan ƙaramar taswirar nan ta ƙasan allo, don ita ke nuna masa wanda ya tsaya shi kaɗai a wajen da talabijin ba ta nuna ba. Sama da duka, yana karanta mutumin da ke gefensa a benci. Cikin minti goma na farko ya gane cewa wannan kullum ta gefen dama yake kai hari, in ya shiga da'ira sai ya yanke ya dawo ciki, in aka matsa shi sai ya yi dogon bugu. Daga nan wasa ya ƙare, saura lokaci ya cika.

A Free Fire ɗinka ma haka ne. Mutum 50 ake zubawa a tsibiri, fili yana ƙara matsewa. Ka tambayi kanka: in za ka sauka a tsibirin wasan da ake kira Bermuda, ka san dalilin da ya sa ka zaɓi wurin, ko inda ka ga taro kake faɗawa? Kana duba hanyar jirgi ka ƙiyasta inda mutane za su yi yawa? Kana shiga da'ira da wuri ka kama tudu, ko sai ta fara cin jininka kake gudu a fili kowa na harbinka? Bangon nan da ake kafawa a kāre kai, kana ajiye shi don daƙiƙun ƙarshe ko kana ƙarar da shi tun a faɗan farko? In ka ji ƙarar bindiga biyu suna musaya, kana haƙuri su raunata juna kafin ka shiga? In abokinka ya faɗi, ka san lokacin da ɗaga shi taimako ne da lokacin da zai jawo ku mutu ku biyu? In waɗannan tambayoyin ba baƙi ba ne a wurinka, in ka taɓa kwanciya kana juya wani wasa a kai kana cewa da na bi ta bayan gidan nan da ban mutu ba, to ka shiga cikin wasan, kuma babu mai fitar da kai da baki.

Akwai labarin da nake yawan ba yaran shagona. Wasan faɗa na Tekken, shekara da shekaru 'yan Koriya ta Kudu da Japan ne ke riƙe da shi, babu wanda ke lissafi da Pakistan. A 2019 wani matashi daga Lahore, Arslan Ash, ya sha wahalar biza da canjin jirage kafin ya isa Japan, ya cinye gasar wasannin faɗa da ake kira Evo ta can. Watanni kaɗan bayan haka ya je Las Vegas a Amurka ya cinye babbar Evo, ya doke Knee, gwanin Koriya, a wasan ƙarshe, ya yi sujada a gaban jama'a. A ina ya koya? A ƙananan shagunan gem na Lahore, inda ake biyan kuɗi a buga, ana layi, ana fama da zafi da ɗaukewar wuta. Ya kuma shaida wa duniya cewa akwai gwanaye da yawa irinsa a gida waɗanda ba su samu fita ba. Daga baya Knee da kansa ya tafi Pakistan ya zauna da su ya ga abin da suke yi. Abin da ya gina waɗannan yaran shi ne karawa da juna kullum, fuska da fuska, kowa na neman maganin salon ɗan'uwansa. Irin bencin da muke da shi a Gusau da Ƙaura da Talatar Mafara ne.

Ko ka bar na'ura gaba ɗaya, je ka gindin bishiya inda dattawa ke dara. Gurbi 30 ne a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan da kara wancan da tsakuwa. In ka jera uku ka cire ɗa ɗaya na abokin karawarka. Babu abin da aka saya da kuɗi a wurin. Amma duk wanda ya zauna kusa ya san waye gwani, don tun lokacin zuba 'ya'ya, kafin a fara tafiya, ya riga ya shirya inda zai riƙa kai ɗa ɗaya yana dawo da shi yana ci. Akwai wani dattijo maƙwabcin shagona da yakan leƙo ya tsaya kallon ƙwallo. Bai taɓa riƙe fad ba. Wata rana ya nuna wani yaro ya ce mini: "Wanga shi ka cin su duka, diba, ba shi gaggawa." Yaron ne ya ci gasar hutun. Dattijon bai san sunan madanni ko ɗaya ba, amma ya san wasa, ya gane ɗan'uwansa.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da wannan shi ne Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Kai ma ka gani, a Ƙaura kuka ma fi mu daɗewa a ciki. Mutane sun sha wahalar da ta fi ta gem nesa ba kusa ba, ba a jin ɗan'uwa, ba a tura kuɗi, kasuwannin mako a rufe. Amma a ɗan ƙaramin fagena na ga wani abu. Babu intanet, babu hawa matsayi, babu hoton nasara da za a ɗora a Facebook. An hana sayar da mai a jarka, janareta sai jefi-jefi. Wasu da ke cika baki da matsayinsu ban sake jin sun ambaci gem ba har aka buɗe layi. Wasu kuma suka riƙa zuwa ƙofar shago ko babu wuta, su haɗa wayoyinsu da juna su buga Mini Militia, su buga Dream League da kwamfuta a mataki mafi wuya, in caji ya ƙare su zana ludo ko dara a ƙasa. Wani yaro ya zo da littafin makaranta ya zana taswirar Bermuda da ka, suna gardamar inda ya kamata a sauka in sabis ya dawo. Waɗannan wasan suke so, ko da mai kallo ko babu.

Sai dai kar in yi maka rufa-rufa, akwai ɗan abin da ɗan kawunka ya hango, ko da bai iya faɗarsa ba. Waya tana da iyaka. Gilashi ba ya ba yatsa amsa irin ta madanni. Ƙaramar waya takan nuna hoto 30 a sakan ɗaya inda babba ke nuna 60 ko fiye, in ta yi zafi ma ta ragu. Ga jinkirin sabis: lambar nan ta fin da kake gani a kusurwa, in ta kai 200, ma'anarta abin da ka danna sai bayan kashi ɗaya cikin biyar na sakan yake zuwa ya dawo, kuma a harbi wannan ya isa a kashe ka. Amma ka lura, wannan duk wahala ce a kanka, kuma wanda ya iya ci da irin wannan waya ya fi burge ni. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yawancin wasannin waya kyauta ake sauke su, don haka an gina su ne su riƙa jan ka kana dawowa kana sayen abu. Kyautar shiga ta kullum, kaya masu ƙarewar lokaci, akwatin da ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya, sabon jarumi mai baiwa ta musamman kamar Chrono da aka fitar da siffar Cristiano Ronaldo a ƙarshen 2020. Mutum na iya shekara uku yana shiga kullum yana karɓar kyauta yana canza riga, bai ƙaru da komai a wasan ba. Wannan tarko ne na gaske, kuma ya fi yawa a waya, ko da yake 'yan ƙwallon PS5 ma suna zuba kuɗi a sayen katunan 'yan wasa.

Haka kuma duniyar gem tana da faɗi, kuma yana da kyau ka leƙa. Akwai wasannin labari irin God of War da ake kwana da kwanaki ana bi. Akwai na tsara gari, na tuƙi, na wasa ƙwaƙwalwa. Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, shi ne tubalan nan da muka buga a ƙaramar na'ura mai batir muna yara. A Disambar 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a Amurka, Willis Gibson, ya buga tsohon samfurinsa har na'urar ta kasa ci gaba ta tsaya, abin da ba a taɓa ganin ɗan Adam ya yi ba. Wasa mai sauƙin gani, amma mutane sun shekara kusan 40 suna haƙa ba su kai ƙasansa ba. Sanin irin waɗannan yana ƙara maka daɗin abin. Amma ban ɗauke shi sharaɗi ba. Wanda ya san wasa ɗaya ciki da bai ya fi mini wanda ya san sunan ɗari bai ƙware a ko ɗaya ba.

Akwai kuma waɗanda ni da kaina nake cirewa daga wannan suna, komai tsadar na'urarsu. Na farko mai maguɗi, wanda ke sa manhajar da ke nuna masa mutane ta bayan bango ko ta kai masa harbi kai tsaye. Da shi da mai sayen asusun da wani ya wahala ya kai sama, ya zo yana nunawa, duk kayan aro ne, ba ya rufe katara, wasa ɗaya za a yi da shi a gane. Sai mai cire waya daga sabis ko kashe na'ura in ya ga za a ci shi. Wanda ya hana abokin karawarsa nasarar da ya samu da guminsa ya ci amanar wasan. Sai mai zagi. Ina jin abin da ke fita daga bakin wasu yara in sun kunna makirfo, zagin uwa da uba ga mutumin da ba su taɓa gani ba, har da Hausa, wai don an kashe su. A shagona wanda ya zagi iyayen wani ko ya buga fad da ƙasa, sati guda ba ya zama a bencina. Na yi asarar kwastomomi a kan haka, kuma ban yi nadama ba. Gem da mutane ake yinsa, in kowa ya gudu daga karawa da kai, da wa za ka buga?

Caca kuwa ban yarda a haɗa ta da gem ko a baki ba. Da zarar an ajiye kuɗi a ƙarƙashin talabijin an ce wanda ya ci ya ɗauka, wasa ya mutu. Babu mai gwada sabon salo, babu mai koya wa wani, abota ta koma gaba. Na taɓa ganin aminai biyu, tare suka taso, sun daina gaisawa a kan irin wannan. Tun ranar na hana. Shagunan da yara ke zuba kuɗi a kan ƙwallon kwamfuta mai ƙarewa cikin minti biyu ko uku, ba su riƙe fad ba, ba su juya ɗan wasa ba, wannan caca ce tsagwaronta, kuma tana ɓata mana suna wurin iyaye.

Maganar yawan awanni ma ina so ka ji ta da kyau, don yara da yawa sun ɗauka wanda ya fi daɗewa a kan allo shi ne ya fi zama ɗan gem. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sa larurar gem cikin kundinta na cututtuka, kundin ya fara aiki a 2022. Ba da awa suka auna ba. Alamomin da suka kafa su ne mutum ya kasa riƙe kansa a kan lokacin farawa da dainawa, gem ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da abin ke yi masa, har ya kai kimanin wata 12 yana cutar da karatunsa ko aikinsa ko zamansa da iyali. Na ga irin wannan da idona, kuma abin tausayi ne. Yaro ya zo da kayan makaranta da safe, na kore shi, ya koma wani wuri. Ya sayar da wayar ƙanwarsa ya sayi lu'ulu'un wasa. Kuma abin da mutane ba su sani ba, irin waɗannan ba su cika zama gwanaye ba, don mai buga wasa 30 a jere cikin fushi da rashin barci kuskure ɗaya yake maimaitawa sau 30. Gwanayen da na sani suna da sana'a ko karatu, sukan buga kaɗan da hankalinsu a jiki, su tashi. In an kira salla ina kashe talabijin ko ana minti na 89, kuma ban taɓa ganin gwani na gaske ya yi mini gardama ba. Wanda ke iya ajiye fad shi ke riƙe da wasan.

Kar kuma ka yi wa wani abin da aka yi maka. Ina faɗar haka ne don na san yadda abin yake tafiya: ɗan Free Fire da aka raina sai ya juya ya raina ƙanwarsa mai Candy Crush, ko yayarsa mai ludo a waya. Mata ba sa zuwa shago a garinmu, amma suna bugawa a gida, kuma wasunsu sun yi nisa. 'Yar ƙanwata ta wuce mataki dubu da ɗoriya a Candy Crush ba ta taɓa sa ko kwabo ba. Na zauna na kalle ta, tana ƙirga tafiyar da ta rage mata, tana haɗa alewa ta musamman biyu kusa da juna ta ƙi fasa su sai lokacin da za su fi amfani. Tunani iri ɗaya ne da na mai dara. A Japan akwai wata tsohuwa, Hamako Mori, da kundin Guinness ya sa a 2020 tana da shekara 90 a matsayin wadda ta fi kowa tsufa cikin masu nuna gem a YouTube. In yaro ƙarami ya shigo ƙungiyarku bai iya ba, ka nuna masa inda zai sauka da lokacin da zai ɓuya. Duk gwanin da ke shagona akwai wanda ya taɓa haƙuri da shi.

Game da wayarka, rage ingancin hoto zuwa mafi sauƙi don ta daina sarƙewa, cire mata riga in za ka daɗe, kar ka buga tana caji don zafi ke rage mata gudu kuma yana kashe batir. Saitin saurin juyawa kuwa kar ka kwafi na wani daga bidiyo, shiga filin atisaye ka gyara shi daidai da yatsanka da girman gilashinka, in ka samu wanda ya zauna maka ka bar shi haka. Ka riƙa ɗaukar wasanka kana sake kallo, musamman waɗanda aka kashe ka da wuri. Ka samu mutum uku da za ku riƙa bugawa tare kullum, kowa ya san aikinsa.

Shi kuma ɗan kawunka, kar ka yi musu da shi, zumunci ya fi wannan. In ya sake zuwa hutu ka miƙa masa wayarka ya buga wasa uku, kai kuma ka roƙe shi ya koya maka fad. Za a ci ka da farko, ka tsaya ka kalli yatsunsa. In kuma hanya ta kawo ku Gusau ranar Asabar, ku zo tare bayan La'asar, lokacin ne manyan ke haɗuwa. Ka taho da wayarka cike da caji, akwai yara uku a nan da suka daɗe suna neman na huɗu.